Nisan Uba a Ƙagaggun Labaran Hausa: Tsokaci Daga Yammacin Zamfara

1.0 Gabatarwa

Manazarta ƙagaggun labaran Hausa sun daɗe suna bin diddigin jigogi irin su bauta da ƙaddara da auren dole da sharrin birni. Sai dai akwai wani al'amari da ke kwance a ƙarƙashin da yawa daga cikin waɗannan jigogi wanda ba a faye tsayawa a kansa ba, watau halin da yaro yake tashi a ciki idan mahaifinsa ya yi masa nisa, da kuma tabon da wannan nisa yakan bari har girma. Nisan nan iri-iri ne. Akwai na mutuwa, akwai na tafiya, akwai kuma na uban da ke kwana gida ɗaya da ɗansa amma bai san abin da ke cikin zuciyarsa ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa a littattafanmu nisan uba shi kaɗai ba ya yanke wa yaro hukunci. Abin da ke yanke hukunci shi ne wanda ya shiga gurbin da uban ya bari. Za a duba littattafai huɗu: Magana Jari Ce da Shaihu Umar da Jiki Magayi da Alhaki Kuykuyo Ne. Daga nan sai a auna abin da aka samu da halin da ake ciki a ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum, domin a can ne wannan tambaya ta fi ƙarfin zama ta aji kawai.

2.0 Nisan da Al'ada ta Gina

Kafin a zargi wani uba na cikin littafi, wajibi ne a tuna cewa Bahaushe da kansa ya gina tazara tsakanin uba da ɗa, kuma ya kira ta da suna mai daraja, watau kunya. A. H. M. Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki, ya lissafa kunya cikin siffofin da Bahaushe yake auna nagarta da su. Inda ta fi tsanani shi ne kan ɗan fari. Iyaye ba su kiran sunansa, ba su wasa da shi a gaban mutane, sau da yawa ma akan ba da shi riƙo bayan yaye. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta yi bayanin wannan kunya da kuma yadda riƙo yake gudana tsakanin dangi a ƙasar Zazzau. Abin da ta faɗa ba baƙo ba ne ga Bazamfare.

Tsarin gida shi ma ya taimaka. Maigida na zaure ko turaka, yara na cikin gida wajen mata. Ba a cin abinci kwano ɗaya, kuma yaro ba ya ɗaga ido ya dubi mahaifinsa yana magana.

To, amma al'adar da ta gina wannan tazara ba ta bar yaro a sarari ba. Ta ba shi kaka, wanda zai ja wa gemu ya yi wa ba'a ba tare da laifi ba. Ta ba shi kawu da baffa da gwaggo da inna, waɗanda zai kai wa kukan da ba zai iya kai wa uba ba. Ta ba shi malamin allo. Daɗin daɗawa, ta tanadi wurin da uba da ɗa za su haɗu ba tare da an keta kunya ba, shi ne wurin aiki. A gandu, wanda Polly Hill ta yi wa cikakken nazari a Ɓatagarawa cikin littafinta na 1972, ɗa yana noma kafaɗa da kafaɗa da mahaifinsa shekara da shekaru. Haka abin yake a maƙera da majema da rumfar kasuwa. A gidan malamai kuwa karatu ne mahaɗa. Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, wanda aka haifa a garin Gummi, ya fara karatu ne a gaban mahaifinsa, wanda alƙali ne, kafin ya shiga makarantar boko. Watau uban da ba ya hira da ɗansa yana iya zama da shi kullum a kan allo ko a bakin kunyar gero, kuma a nan ne ƙaunar da baki bai furta ba take bayyana.

Saboda haka idan mun ga yaro cikin kaɗaici a littafi, tambayar da ta kamata ita ce: wane ne daga cikin waɗannan madogarai ya faɗi?

3.0 Magana Jari Ce: Aku a Gurbin Uba

Mafi yawan masu karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1930, labaran ciki suke bi, su manta da babban labarin da ya ɗauke su. Babban labarin littafi na ɗaya kuwa na uba da ɗa ne. Sarki Abdurrahman ya daɗe yana neman ɗa namiji, ya samu Musa, sa'an nan yaƙi ya taso ya fita ya bar shi a gida cikin tsaro. Musa yana son ya bi sahu, Waziri kuma yana ƙulla makircin da zai hallaka shi idan ya fita. Abin da ya tsare shi ba dogarai ba ne, aku ne, wanda ya riƙa riƙe shi da labari dare bayan dare.

Abin lura a nan shi ne sarkin yana ƙaunar ɗansa matuƙa, amma ƙaunar tasa ta ganuwa da masu gadi ce. Bai bar masa magana ba. Wanda ya zauna da yaron, ya gane abin da ke damunsa, ya san lokacin ba shi dariya da lokacin tsorata shi, tsuntsu ne. Idan aka je littafi na uku sai a tarar da akun nan, bayan ya zama Waziri, ya zaunar da ɗansa Fasih yana koya masa dabarun zaman duniya baki da baki. Ke nan a cikin wannan babban aiki, uban da ya fi kowa zama da ɗansa ya yi masa doguwar magana ba ɗan Adam ba ne. A ganina wannan ba haɗari ba ne. Imam ya san cewa mai karatu na zamaninsa zai ji banbaraƙwai idan aka nuna masa sarki yana hira da ɗansa haka, sai ya ɗora aikin a kan wanda kunya ba ta hau kansa ba.

4.0 Shaihu Umar: Daga Hannu Zuwa Hannu

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa yana cikin littattafan da gasar 1933 ta Hukumar Talifi ta Zariya ta haifar, ƙarƙashin jagorancin R. M. East. An fi nazarinsa ta fuskar bauta, kuma haka Adamu Halilu ya fito da shi a fim ɗinsa na 1976. Amma idan aka bi rayuwar tauraron, za a ga jerin ubanni ne da suke zuwa suna wucewa. Mahaifinsa ya rasu bai taɓa ganinsa ba. Ya zama agola a gidan Makau, mutumin kirki, wanda hassadar fadawa ta sa aka kore shi daga Kagara. Aka sace yaron, ya faɗa hannun masu cinikin bayi, har ya isa ga Balarabe Abdulkarim wanda ya ɗauke shi ɗa ya tafi da shi Ber Kufa. A can Shaihu Mas'ud ya karantar da shi har ya zama malami.

Littafin yana goyon bayan abin da aka faɗa a sama. Umar bai lalace ba, domin duk inda hannu ɗaya ya sake shi wani ya tare, kuma na ƙarshe ya ba shi abin da ba a ƙwacewa, watau ilimi. Sai dai marubucin bai ce raunin ya warke ba. Umar yana cikin daraja da wadata mafarkin mahaifiyarsa ya tashe shi, ya bar duk abin da ya samu ya kama hanya. Ya same ta, ba ta daɗe ba ta rasu. Ya ƙare a Rauta, garin da ba nasa ba, yana ba almajiransa labarin asalinsa domin sun tambaye shi.

Akwai wani abu da ya cancanci a tsaya a kansa. Begen da ya motsa Umar na uwa ne. Game da uba kuwa, daga na jini har na riƙo, maganarsa ta girmamawa ce da godiya, babu kuka a ciki. Mai karatu yana iya cewa ai wanda ba a sani ba ba a kewarsa. Amma ana iya kallon abin ta wata fuska. Harshenmu cike yake da kalmomin begen uwa, a waƙa da karin magana da zancen yau da kullum, alhali namiji baligi ba shi da hanyar da zai ce yana kewar mahaifinsa ba tare da an ga kamar ya yi rauni ba. Shirun Shaihu Umar a kan wannan batu shi ma shaida ce, kuma aikin mai tarke ne ya saurari irin wannan shiru.

5.0 Jiki Magayi: Gurbin da Ɓarawo ya Cika

Jiki Magayi na John Tafida da R. M. East, wanda shi ma ɗan wannan zubi ne na farko, ya nuna ɗaya ɓangaren. Malam Shaihu attajiri ne a Galma, ba shi da haihuwa. Ya yi amfani da dukiyarsa ya raba Zainab da saurayinta Abubakar, domin yana sa ran ta wajenta zai sami magaji. Aka haifi Kyauta. Abubakar ya sha wuya ya samo sammu, ya sa wa yaron, yaron ya tashi ɓarawo. Ya bar gida, ya haɗu da Dogon Yaro, ya ƙware a sata, daga ƙarshe ya kashe mahaifinsa a wajen fashi bai san shi ba ne.

Littafin ya ɗora laifin a kan sammu, kuma yawancin sharhin da ake yi a aji nan yake tsayawa: ramuwar gayya ba ta da kyau. Amma a gwada cire sammun daga labarin a gani ko ginin zai rushe. Ba zai rushe ba. Malam Shaihu magaji yake nema tun farko, watau wanda zai riƙe dukiya da suna, kuma a matsayin nan ya karɓi yaron. Da yaron ya fara jawo abin kunya, abin da ya fi damun uban shi ne mutuncinsa a gari. Daga gata aka koma horo, daga horo aka koma rabuwa, ba a ga wani kaka ko kawu ko malami da ya shiga tsakani ya riƙe yaron ba. Wanda ya karɓe shi, ya koya masa sana'a, ya yi tafiya da shi, ya raba masa abin da aka samu, shi ne Dogon Yaro. Duk abin da gandu ya kamata ya ba Kyauta, ɓarawo ne ya ba shi. Hausawa na cewa ka ƙi naka duniya ta so shi, sai dai duniya ba ta zaɓen wanda za ta aiko.

Akan yi saurin kwatanta wannan kisa da labarin Odifus na Girkawa, har a jawo ra'in Sigmund Freud. A ganina kwatancin bai zauna ba. Babu takara a kan uwa a nan, babu kuma annabcin da ake gudu. Ma'anar kisan ta fi kusa da gida: uba da ɗa sun yi nisa har sun haɗu ba su gane juna ba. Idan ana neman abokin kwatanci, Things Fall Apart na Chinua Achebe, na 1958, ya fi dacewa, inda kunyar da Okonkwo ya ji game da mahaifinsa ta mai da shi mai tsanani, tsananin kuma ya kori ɗansa Nwoye zuwa hannun baƙi.

6.0 Alhaki Kuykuyo Ne: Kallo Daga Cikin Gida

Littattafai ukun da suka gabata maza ne suka rubuta su, kuma daga zaure suke kallon gida. Balaraba Ramat Yakubu, a Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, ta juya kallon. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai hali a Kano, yana raye, yana gari, amma matarsa Rabi da 'ya'yansu tara ba su ganin amfanin dukiyarsa. Ya auro Delu, ya saki Rabi, ta fita da yara ta riƙe su da sayar da abinci. Da gobara ta cinye dukiyarsa Delu ta guje shi, sai aka matsa wa Rabi ta koma ta ɗauki nauyinsa. Aliyu Kamal ya fassara littafin zuwa Ingilishi, aka buga a Indiya a 2012.

Gudummawar wannan littafi ita ce ya raba kunya da sakaci, abubuwa biyu da sukan yi kama daga nesa. Mai kunyar ɗansa ba ya kiran sunansa, amma ya san ko ya ci abinci. Alhaji Abdu ya ɗauki rigar kunya, watau kame fuska da nisantar cikin gida, ya yar da nauyin da ke tafe da ita. Ƙarshen labarin kuma ya nuna tabon da ke daɗewa: 'ya'yan da suka tashi ba su san tausayinsa ba su ne addini da al'ada suka wajabta wa tausaya masa. Za su yi biyayya, amma biyayya ce wadda ba ta da abin tunawa a bayanta.

Raunin littafin shi ne yaran ba su sami bakin magana sosai ba. Labarin na Rabi ne. Saudatu ce ta fi fitowa, ita ma mafitarta auren mai dukiya ce. Wannan rauni kuwa na dukkan littattafan huɗu ne. Musa ana ba shi labari ne, Umar tsoho ne yake tuna yarinta cikin natsuwar malamai, Kyauta kuwa daga waje muke ganinsa. Babu inda aka bar yaro ya faɗi yadda kaɗaicin yake a lokacin da yake cikinsa.

7.0 Anka da Gummi da Bukkuyum

Me ya sa wannan nazari ya shafi yammacin Zamfara musamman? Dalili shi ne madogaran da aka lissafa a kashi na biyu sun raunana a can cikin ɗan lokaci, kuma kusan gaba ɗaya.

Tafiyar maza ba sabuwa ba ce. Cin rani tsohuwar al'ada ce a ƙasar Sakkwato da Zamfara, amma tana da ƙa'ida: a tafi bayan girbi, a dawo kafin shuka, yara kuma suna cikin babban gida. Haƙar zinariya ta zo da wani tsari dabam. Ta janye maza da samari daga gona zuwa ramuka, kuma a 2010 duniya ta ji labarin gubar dalma da ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, saboda ana daka duwatsun ma'adinin a cikin gidaje. Bayan wannan sai ga ta'asar 'yan bindiga, wadda ta hana noma a wurare da dama, ta tashi ƙauyuka, ta tara 'yan gudun hijira a garuruwa irin su Anka. Hare-haren farkon Janairun 2022 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum misali ɗaya ne kawai daga ciki.

Sakamakon haka ga yaro a bayyane yake. Idan ba a zuwa gona, babu gandu, watau wurin da uba mai kunya yake haɗuwa da ɗansa ya tafi. Idan ƙauye ya watse, kaka tana wani gari, kawu yana wani. Uban da ya tsira da ransa sau da yawa yana can neman abin da za a ci, ko yana nan amma baƙin ciki ya rufe masa baki. Tazarar da al'ada ta gina tana nan daram, abin da ta tanada don cike ta ne ya zube. Kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa a cikin masu ɗauke da makamai a dazuzzukan yankin akwai yara matasa. Ba a cewa rashin uba ne ya kai kowannensu can, domin dalilan suna da yawa, amma wanda ya karanta Jiki Magayi da idon basira zai gane Dogon Yaro idan ya gan shi.

Don haka malamin Hausa a Gummi ko Bukkuyum da ke koyar da waɗannan littattafai yana gaban ɗaliban da labarin ya shafa kai tsaye. Idan ya tsaya ga cewa jigon Shaihu Umar bauta ne, na Jiki Magayi kuma ramuwa, ya ba da amsar jarrabawa amma ya bar littafin a rufe. Tambayoyi irin su "wa ya riƙe Umar?" da "wa ya kamata ya riƙe Kyauta?" suna ba ɗalibi damar ya yi magana a kan kansa ta bakin wani, ba tare da ya keta kunyar gidansu ba. Wannan kuwa shi ne ainihin aikin da aku ya yi wa Musa.

8.0 Kammalawa

An nuna a wannan maƙala cewa ƙagaggun labaran Hausa sun san nisan uba tun daga farkonsu, kuma sun yi ittifaƙi a kan abu ɗaya: makomar yaro tana hannun wanda ya shiga gurbin. An kuma nuna cewa sun yi shiru a kan abin da yaron kansa yake ji, saboda kunyar da ta hana shi magana a gida ta bi shi har cikin littafi.

Aiki biyu ne suka rage. Na farko na masu bincike ne. Tatsuniyoyin maraya da na agola da na 'yar bora, waɗanda a cikinsu uba yakan kasance yana gida amma ba ya cewa uffan, da waƙoƙin reno da na daka da na niƙa na matan Anka da Gummi da Bukkuyum, suna buƙatar a tattara su da karin harshensu na Zamfarci, tun masu riƙe da su ba su ƙara warwatsuwa ba. A nan ne ake sa ran samun abin da rubutaccen adabi ya haɗiye. Na biyu na marubuta ne. Yaran da aka haifa a shekarar gubar dalma sun kai shekarun makarantar sakandare, kuma daga cikinsu ne za a sami wanda zai rubuta labarin daga bakin yaro. Abin da ya rage wa malamansu shi ne su koya musu cewa faɗin irin wannan labari ba rashin kunya ba ne.